Idan Mafitsara Ta Daina Kiran Mai Ciwon Suga

Wannan takarda za ta taɓo abin da yawancinmu ke jin nauyin faɗa ko a gaban likita, wato matsalar fitsari ga mai ciwon suga. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, ku kuma karanta wa dattawan gida.

Akwai wani dattijo mai awon hatsi da ya haura shekara 10 da ciwon suga. Wata rana ya zo awon jini yana fara'a, ya ce mini: "Malam, ai na samu sauƙi. Da sau biyar nake tashi cikin dare. Yanzu kuwa sai in zauna a rumfa tun hantsi har la'asar ban ji fitsari ba." Na roƙe shi ya kwanta in taɓa mararsa, sai na ji ta yi tauri ta taso kamar gora har kusa da cibiya. Da muka tura shi asibiti aka sa masa roba, abin da ya fito ya fi lita guda, shi kuwa ko ciwo ba ya ji. Abin da ya ɗauka sauƙi ne ya zo, ashe mafitsararsa ce ta daina kiransa.

Yadda mafitsara ke aiki

Ƙodoji biyu suna tace jini dare da rana. Fitsarin da suka tace yana gangarowa ta siraran bututu biyu zuwa mafitsara, wadda jaka ce ta tsoka a ƙasan mara. Mafitsarar baligi tana ɗaukar kimanin rabin lita, wato kwatankwacin ledar ruwan sha guda da ake sayarwa a kasuwa. Tun kafin ta kai rabi mutum yake fara jin alamar fitsari.

Wannan ji ba da kansa yake zuwa ba, jijiyoyi ne ke kai shi. A Hausa mukan kira hanyoyin jini da jijiya, amma a nan ana nufin jijiyoyin saƙo, masu kama da siraran zare, waɗanda suka taso daga lakar gadon baya suka ratsa ko'ina a jiki. Na mafitsara kashi biyu ne. Kashi na farko yana kai rahoto sama cewa jaka ta cika. Kashi na biyu yana dawowa da umarni cewa tsoka ta matse, ƙofa ta buɗe. Kamar yaron shago ne da maigidansa: idan yaro bai zo ya ce sito ya cika ba, maigida ba zai ba da umarnin fitar da kaya ba, sai a yi ta lodi har ƙofa ta ɓalle.

Abin da suga ke yi mata

Idan suga ya haura kimanin 180 a ma'aunin jini, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zubo cikin fitsari ya jawo ruwa mai yawa tare da shi. Dalilin yawan fitsari da ƙishirwa ke nan, kuma shi ya sa tururuwa ke taruwa a inda mai ciwon ya tsuguna. Mafitsara tana shiga aikin da ya ninka wanda ta saba.

A lokaci guda kuma, sugan da ya daɗe a sama yana cin jijiyoyin saƙo a hankali, yana toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Yawancinku kun san haka a ƙafa: tafin ƙafa ya riƙa zafi kamar an shafa barkono, daga baya ya mutu, har takalmi ya fita mutum bai sani ba. Irin wannan ɓarnar ce take faruwa a mafitsara, sai dai ita ba a ganinta da ido. Ana ƙiyasta cewa fiye da rabin waɗanda suka daɗe da ciwon suga suna da wata matsala ta mafitsara.

A shekarun 1970 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Cai Frimodt-Møller, ya bayyana siffar wannan cuta da abubuwa uku: jin fitsari yana raguwa, jakar tana faɗaɗa, tsokarta kuma tana kasa matsewa har ta bar saura a ciki. Wannan sauran shi ne tushen haɗari. Fitsarin da ya kwanta, ga suga a cikinsa, kamar kududdufi yake ga ƙwayoyin cuta. Idan jakar ta cika ta batse, fitsari yakan riƙa ɗiga a wando ba da sanin mai shi ba, wani kuma ya danna baya zuwa ƙoda. Daga nan ne ake samun ciwon ƙoda, wanda wankinta ke cinye jarin ɗan kasuwa cikin 'yan watanni.

Abin da aka koya daga dabbobi

Ilimin ciwon suga ya daɗe yana bin ta kan dabbobi kafin ya iso ga mutum. A shekarar 1889 wasu likitoci biyu, Oskar Minkowski da Joseph von Mering, suka cire wa kare wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, sai karen ya kamu da ciwon suga. A 1921, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka fitar da sinadarin insulin daga wannan gaɓa, suka gwada shi a kan karnuka. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya rayu. Duk mai yin allurar insulin yau yana cin gajiyar wancan gwaji.

A binciken mafitsara kuwa, ɓeraye aka fi amfani da su. Ɓera ba ya wuce shekara biyu zuwa uku a duniya, don haka abin da kan ɗauki shekaru a jikin mutum yana bayyana a jikinsa cikin makonni. Ana yi masa allurar wani sinadari mai suna streptozotocin, wanda ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin, sai ya kamu da ciwon suga cikin kwanaki. Daga nan a sa masa siririn bututu a mafitsara, a riƙa ɗura ruwan gishiri a hankali, ana auna yawan abin da ta ɗauka, da ƙarfin matsarta, da abin da ta bari.

Darasi na farko ya fito ne daga birnin Cleveland na Amurka, inda Dakta Firouz Daneshgari da abokan aikinsa suka fitar da sakamakonsu a 2006. Sun ga cewa cutar mataki biyu gare ta. A makonnin farko mafitsarar ɓera tana yin kauri da ƙarfi, tana ƙoƙarin cin ƙarfin aikin da ya ƙaru. Daga wajen mako na 9 zuwa na 12 sai ta fara gazawa: ƙarfin matsa ya faɗi, saura ya ƙaru. Sun kuma ware wasu ɓeraye masu lafiya suka riƙa ba su ruwa mai zaƙi don su yi ta fitsari. Mafitsarar waɗannan ta girma, amma ba ta gaza ba. Wato yawan fitsari yana faɗaɗa jakar, sugan da ke cikin jini kuwa shi ke karya ta. Ɓerayen da suka kamu da ciwon aka kuma riƙa ba su insulin tun farko, sun tsira daga mafi yawan ɓarnar.

Ku dubi wannan ku tuna da dattijon nan. Shekarun da yake tashi sau biyar cikin dare, mafitsararsa tana mataki na farko, tana kokawa. Ranar da ta yi shiru, ta shiga mataki na biyu.

Darasi na biyu ya shafi abincin jijiya. A shekarun 1950 wata masaniya 'yar Italiya, Rita Levi-Montalcini, tare da Stanley Cohen, suka gano wani sinadari da jiki ke samarwa don raya jijiyoyin saƙo. A taƙaice ana kiransa NGF, kuma a kansa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1986. Mafitsara da kanta take samar da shi, jijiyoyinta su tsotsa su kai can gindinsu kusa da laka. Masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka sun nuna a 2002 cewa wannan sinadari yana raguwa a mafitsarar ɓerayen da suka daɗe da ciwon suga, kuma raguwarsa tana tafiya tare da lalacewar fitsarinsu.

Sai suka yi wata dabara. Akwai ƙwayar cutar da ke haddasa ƙurajen leɓe bayan zazzaɓi, wadda ɗabi'arta ce bin jijiya ta maƙale a ciki. Suka raunana ta yadda ba za ta iya hayayyafa ba, suka ɗora mata umarnin samar da NGF, suka yi allurarta a bangon mafitsarar ɓerayen. A rahotonsu na 2004, bayan 'yan makonni sinadarin ya ƙaru, faɗin mafitsarar ya ragu, sauran fitsarin da take bari shi ma ya ragu. Wasu masu binciken kuma sun gwada ƙwayoyin halitta na asali da ake cirowa daga kitse, suka ga fitsarin ɓerayensu ya gyaru.

Darasi na uku shi ne mafi muhimmanci ga aljihunku: ɓera ba mutum ba ne. An gwada allurar NGF a kan mutane fiye da 1,000 masu ciwon suga da jijiyoyin ƙafafunsu suka taɓu. Sakamakon da aka fitar a shekarar 2000 ya nuna ba ta fi allurar da babu magani a cikinta amfani ba, ga kuma ciwo a inda aka yi ta. Ɓeran gwaji matashi ne, ciwonsa na makonni ne, abincinsa da ɗakinsa duk a aune suke. Mai ciwon da ke zuwa wurinmu kuwa ya haura shekara 50, ya daɗe da cutar, sau da yawa ga hawan jini a kai. Saboda haka waccan allura ta mafitsara tana nan a matakin gwaji, ba ta zama maganin da ake ba mutane a asibiti ba.

Idan mai lasifika ya tsaya a bakin kasuwa ko a tasha yana tallar kwalba, ko aka turo muku saƙo ta WhatsApp cewa ga maganin da ke farfaɗo da jijiyar mai suga, "an gwada shi a Turai", ku riƙe kuɗinku. Wasu daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe ƙoda suke ƙara wa nauyi, alhali ita ce muke ƙoƙarin ceta.

Akwai dai darasin ɓera guda da ya tabbata a kan mutane. Daga 1983 zuwa 1993 an bi mutum 1,441 masu ciwon suga irin mai buƙatar insulin a Amurka da Kanada. Waɗanda aka tsananta wa kula da sugansu, lalacewar jijiya ta ragu musu da kimanin kashi 60 cikin 100. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Alamomin da za ku lura da su

Idan kana da ciwon suga, ko akwai mai shi a gidanku, ku sa ido a kan waɗannan:

Wuni guda mutum bai je fitsari fiye da sau biyu ko uku ba, alhali yana shan ruwa.
Fitsari yana jinkirin fitowa, ko ya fito ba ƙarfi, ko sai an yi yunƙuri.
An gama, an tashi, amma ana jin kamar da saura.
Ɗigar fitsari a tufafi ko a shimfiɗa ba da sani ba.
Matsuwa ta gaggawa wadda ba a iya riƙewa, da yawan tashi cikin dare.
Zafin fitsari ko warinsa da ke tafiya yana dawowa, abin da akan kira sanyi a yi ta shan magani a kai.
Mara ta taso ta yi tauri.

Wanda ƙafarsa ta riga ta mutu, ko namijin da ƙarfinsa ya ragu bayan shekaru da ciwon suga, ya nemi a duba masa mafitsara ko da bai ga komai ba, domin jijiyoyin duk dangin juna ne.

Abin da za ku yi tun daga yau

Na farko, ka bi agogo. Tunda ɗan aike ya daina zuwa, maigida ne zai riƙa leƙa sito da kansa. Ka je bayi duk bayan awa uku da rana, ko ka ji ko ba ka ji ba. Ka saita ƙararrawar wayarka. Na san ciniki yana riƙe mutum, na san kuma gidan wanka na kasuwa sai da kuɗi, amma ka bar wa maƙwabcin rumfa amana na minti biyar. Kuɗin bayi bai kai na wankin ƙoda ba.

Na biyu, ka yi fitsari sau biyu a tsugunawa ɗaya. Idan ya tsaya, ka jira kamar minti guda, ka ɗan sunkuya gaba, ka sake gwadawa ba tare da yunƙuri mai ƙarfi ba.

Na uku, kada ka rage shan ruwa don gudun fitsari, musamman a lokacin zafi. Ka sha da rana, ka rage bayan magariba. Shayi mai kauri da kofi da goro suna tsokanar mafitsara, a rage su da dare.

Na huɗu, masu fatauci tsakanin Kano da Maraɗi, ko Illela da Konni, ko wata doguwar hanya, ku yi fitsari kafin shiga mota, ku kuma yi a duk inda aka tsaya. Roƙon direba ya tsaya ba abin kunya ba ne.

Na biyar, ku guji taurin bayan gida, domin hanji idan ya cika yana danne hanyar fitsari. Zogale, kuka, kuɓewa, rama da wake suna taimakawa, kuma abinci ne mai kyau ga mai suga.

Na shida, ku yi hattara da sayen magani a kemis ko a tire. Maganin mura mai sa barci, da taramol, da kodin, suna iya riƙe fitsari. Haka ma amitriptyline, wanda akan ba mai zafin ƙafa. Idan likita ne ya rubuta maka shi, kada ka daina da kanka, ka koma ka gaya masa halin da fitsarinka yake ciki.

Na bakwai, kuma shi ne uban duka, ka riƙe suganka. Ka sha magani ko ka yi allura kullum, ko da kana jin garau. Ka san lambobinka: awon safe kafin karin kumallo idan ya kai 126 a irin ma'aunin da aka fi gani a Nijeriya, shi ne 1.26 a takardun Nijar da Kamaru da Chadi, shi ne kuma 7 a wasu na'urorin. Wannan ita ce iyakar da likitoci ke gane ciwon suga da ita, lambar da kai za ka tsaya a kai kuwa ma'aikacin lafiyarka zai faɗa maka. Ka riƙa tafiya da katinka da kwalin maganinka idan za ka ƙetare iyaka, domin sunan magani kan canza daga ƙasa zuwa ƙasa.

Abin da za a yi muku a asibiti

Za a gwada fitsari don neman ƙwayoyin cuta, a ɗebi jini don duba ƙoda. Za a ce ka yi fitsari, sannan a ɗauki hoton mara don a ga abin da ya rage. Namiji mai shekaru za a duba masa furostet, wato ƙullin da ke wuyan mafitsara, domin kumburinsa ma yana toshe hanya, kuma shi yana da nasa maganin.

Idan saura ya yi yawa, ana iya koya maka sa siririyar roba da kanka, ka zubar da fitsari ka cire, sau uku ko huɗu a rana ko yadda likita ya tsara. Wani likita a Jami'ar Michigan ta Amurka, Jack Lapides, shi ya nuna a 1972 cewa mutum zai iya yin haka a gida da hannu mai tsabta, kuma zubar da fitsarin a kan lokaci ya fi barinsa kwance aminci. Mutane da yawa suna jin kalmar roba sai gabansu ya faɗi, suna ganin ƙarshe ya zo. Ba haka ba ne. Masu yin wannan suna zuwa kasuwa, suna tafiye-tafiyensu. Sharaɗi ɗaya ne: ma'aikacin lafiya ne zai koya maka, kada ka gwada da ka.

Kada a kwana a gida idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi da rawar sanyi tare da ciwon kwiɓi ko baya, jini a fitsari, fitsari ya ƙi fita ƙwata-ƙwata, amai ba ƙaƙƙautawa, ruɗewa, ko kumburin fuska da ƙafafu. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Mai ciwon suga a gwada masa fitsari tare da jini kafin a ɗora shi a kan magani.

Gare ku iyali

Sau da yawa matar gida ko 'ya'ya ne kan fara jin zarni a tufafin dattijo, shi kuwa bai sani ba. Kada a yi masa faɗa, kada a ƙyamace shi. Ba ƙazanta ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma tsufa kawai ba ne. Wanda ya fi kusa da shi ya keɓe shi ya yi masa magana cikin ladabi, a raka shi asibiti. Ga mata kuma, wannan ɗigar daban take da yoyon fitsarin da ke biyo bayan doguwar naƙuda, amma dukansu asibiti ne wurin zuwa. Na ga waɗanda suka janye daga jam'i da taron biki saboda shakkar tsarki. Irin waɗannan su tambayi malamansu, akwai rangwame ga mai lalura, su kuma zo a duba su.

Dattijon nan mai hatsi yana nan a rumfarsa. Jijiyar da ta mutu ba ta dawo ba, amma ƙodarsa ta tsira. Wayarsa tana ƙara duk bayan awa uku, ya ajiye mudu ya tafi, maƙwabtansa sun saba har su ke tuna masa. Ku ma idan kun ga ɗaya daga cikin alamomin nan, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya mafi kusa da ku a wannan makon, ko bai tambaya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa.